Bader Goula: tsakanin ƙwayar ƙiba da shayin rage tumbi, ina aka bar lafiya?

A ƙaramar hukumar Bader Goula, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maradi, manoma da makiyaya sun daɗe suna auna zaman lafiyar gida da cikar rumbu da yawan nono. Shi ya sa ake ɗaukar ƙiba alamar hutu, ramammiyar mace kuwa a ce mijinta ba ya kula da ita. Yanzu wayar salula ta kawo wani ma'auni daga birane: a TikTok da Facebook ana tallar shayin rage tumbi da "rejim" na hana ciki abinci. 'Yan mata da matan aure sun shiga tsakani, wannan ya ce su yi jiki, wancan ya ce su rage.

Masu neman ƙiba da gaggawa sukan sayi ƙwayoyi wurin 'yan talla, ba tare da takardar likita ba. Daga cikinsu akwai dexamethasone, wanda aka yi don kumburi da wasu cututtuka masu tsanani. Yana buɗe ciki, yana tara ruwa da kitse a fuska da tumbi, har a ɗauka mutum ya murmure. A ƙarƙashin wannan cikar akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da raguwar garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Shayin rage ƙiba shi ma yaudara ce. Da yawa daga cikinsu filasko ne a ciki, wanda ke sa gudawa. Ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Tsallake abinci kuwa yakan ƙare da yunwar da ke sa a ci fiye da da, ga jiri da ƙarancin jini, musamman ga mai ciki da mai shayarwa.

Ƙiba mai yawa cuta ce ta gaske: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita. Amma shawararta mai sauƙi ce: gishiri kada ya kai giram 5 a yini, a rage suga, a yawaita ganye da 'ya'yan itace. A nan dunƙulen magi da sugan shayi ne suka fi buƙatar a sa musu ido.

Sauran kuwa yana cikin gida. Fura da nono, tuwon hatsi da miyar kuka, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk abinci ne mai gina jiki. Ɗan lemun tsami a kan wake yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shan shayi nan take bayan cin abinci kuwa yana rage shi. A ci in an ji yunwa, a tsaya in an ƙoshi.

Akwai kuma aikin baki. Uwar miji da ke gorin rama, da ƙawar da ke dariyar tumbi, su ne ke tura mace wurin mai talla. Wadda jikinta ya sauya ba dalili, awon jini da na suga take buƙata a asibiti mafi kusa.