Agogo mai ruwan zinari: daga Faris zuwa ɗakin amarya a Garwa

Duk wanda ya shiga ganin jere a Garwa ko Marwa, a ƙasar Kamaru, ya san wannan tsarin: agogo mai ƙyalli a tsakiyar kabad, tukunyar fure ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Da ka ɗauke shi sai ka ji shi sakayau, roba ce aka fesa wa kalar zinari, da batir ɗaya a bayansa. Wannan jeri na uku yana da kakanni. A Faransa ta ƙarni na 18 da na 19, masu hali kan ɗora agogon tagulla a kan murhun ɗumama ɗaki, da mazaunin kyandir ko tulun tangaran biyu a gefensa, duka ƙira ɗaya.

Agogon tagulla ɗaya aikin mutane da yawa ne. Akwai mai zuba tagulla, akwai mai sassaƙa ta, irin su Pierre-Philippe Thomire da ya rasu a 1843, akwai mai zana furanni a kan tangaran, wanda mafi shahararsa shi ne na masana'antar Sèvres da ta koma garin a 1756. Sannan ga mai haɗa injin, wanda ake yi wa wani sau ɗaya a mako, ya riƙa buga ƙararrawa kowace awa da rabinta. Mai shafa zinari shi ya fi shan wuya. Zinari ake kwaɓawa da zaiba, a shafa wa tagullar, a gasa a wuta har zaibar ta tashi ta bar zinarin. Hayaƙin nan guba ne, yana sa karkarwar jiki da zubewar haƙora, kuma ya hallaka ma'aikata da dama. Ya kamata mai sha'awar tsohon ƙyalli ya tuna da haka.

Sauƙin farashi tun daga Faransa ya faro. Frédéric Japy ya kafa masana'anta a Beaucourt cikin shekarun 1770, inda na'ura ta riƙa yanka sassan agogo da yawa lokaci guda. Daga 1840 aka soma shafa zinari da lantarki, zaiba ta ja baya. Sai kuma 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, wanda fasaharsa ta mamaye na bango da na tebur. Abin da ya rage shi ne kwaikwayon siffar, kuma masana'antun Sin suka ɗauki wannan. Ko da yake Faransa ta mulki Garwa har 1960, agogon da ke kabad ɗin amaryar yau ba daga Faris ya taso ba, kwantena ce ta kawo shi, ko ta tashar Duwala ko ta kasuwannin Najeriya.

Amfanin wannan kwaikwayo a fili yake. Uba mai ƙaramin ƙarfi yana iya fitar da 'yarsa kunya, ɗakinta ya yi kyau, ba a kuma kashe lafiyar kowa da zaiba don ƙawata shi ba. Ban raina wannan ba.

Amma asarar ta fi damuna. Agogon tagulla an yi shi ne don a kwance shi, a wanke, a sa masa mai, ya shekara ɗari yana aiki. Na roba kuwa, zafin watan Maris da Afrilu na Garwa da ƙurar hunturu kan dusashe kalarsa, in injin ya tsaya sai bola. Mai gyaran agogo da ke zaune da ɗan akwatin gilashinsa a bakin kasuwa ya koma mai canza batir da maɗauri, wayar hannu kuma ta ƙwace masa sauran masu zuwa. Yaro ba zai zauna koyon sana'ar da ba ta ciyar da ubangidansa ba.

Kuma ba hannu muka rasa ba. Maƙeran Kapsiki a tsaunukan Mandara suna zuba tagulla ta hanyar narkar da kakin zuma, haka ma na Fumban a yammacin ƙasar. Mai iya zuba munduwa da ƙararrawa zai iya zuba gidan agogo, mai gyara ya ɗora masa inji. Iyayen amare da 'yan kasuwar kayan ɗaki, ku gwada ba su wannan aikin ko sau ɗaya.