Zaɓen Ragar Shimfiɗa a Jirgin Katamaran

Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu, kuma sunan ya samo asali daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure. A tsakanin gangunan biyu, ta wajen goshi, ake ɗaura ragar da matuƙa ke takawa. Zaɓenta ya rataya a kan abu biyu: faɗin idanunta da irin zarenta.

Raga mai manyan idanu tana barin igiyar ruwa ta zurare nan take, shi ya sa masu ratsa teku suka fi son ta. Mai ƙananan idanu ta fi daɗin zama, amma takan tare ruwa, nauyinsa ya danne goshin jirgin har ya kai ga kifewa.

Ta fuskar zare kuwa, nailan yakan sha ruwa ya saki. Foliyesta ya fi shi jure rana. Dyneema ya fi su ƙarfi da rashin nauyi, sai dai tsada. Galibi zaren ɗinki ne ke fara lalacewa a rana, don haka wajibi ne a riƙa duba shi, kada raga ta yage da mutum a kanta.