Yadda Zangon Karatu Ke Gudana a Makarantar Fada

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano ta Wudil, ya wuce Birnin Kudu ya nufi ƙasar Gwaram, ya san ƙasar manoma ya ratsa. Gero ne da dawa da gyaɗa da wake dama da hagu, ga duwatsu, ga garken Fulani. Yawancin mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, Hausawa da Fulani. Akwai kuma Warjawa wajen iyakar Bauchi, da baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, cikinsu har da Kirista. Masu bin ɗariƙar Roman Katolika a nan suna ƙarƙashin Bishop na Kano, domin ƙasarsa ta haɗa Jihar Kano da Jihar Jigawa duka.

Yau muna so mu ba masu karatu labarin irin makarantar firamare da mutanen wannan ɗariƙa su kan kafa, wadda talakawa su ke kira makarantar Fada ko makarantar Mishan. Da yawa cikin malamanmu da akawunan ofisoshin ilmi daga nesa su ke jin labarinta. Abin da mu ke so a lura da shi kuwa guda ne, watau abin da ke riƙe da irin wannan makaranta shi ne yarda tsakanin malami da iyaye da mutanen gari. Ran da yardan nan ta karye, ko da ginin siminti ne, aji zai koma kango.

ASALIN ABIN

Limaman Katolika, waɗanda a ke ce wa Fada, sun sauka Lokoja cikin 1884, suka kafa mazauni a Shendam cikin 1907. Amma ba su sami shiga ƙasashen sarakunan Musulmi da wuri ba, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato cikin 1903 cewa Gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka karatun boko na 'ya'yan ƙasar Kano ta hannun Gwamnati da En'e ya zo, tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa cikin 1909. Su 'yan Mishan sai suka tsaya Sabon Gari, wurin baƙin da jirgin ƙasa ya yi ta kawowa tun da ya iso Kano cikin 1911.

Cikin 1948 waɗansu mata masu hidimar addini, waɗanda a ke kira Sista, na ƙungiyar St. Louis, suka zo Kano daga ƙasar Ailan suka kama koyar da yara. Har yau sunan St. Louis sananne ne cikin makarantun Kano. Daga baya aikin Katolika ya fita karkara, musamman wurin Maguzawa, inda mutum guda ya kan zama shi ne malamin aji ran Litinin, shi ne kuma mai bi da sujada ran Lahadi.

A zamanin En'e, Fada shi ne manajan makarantun da ke ƙasarsa. Shi ke ɗaukar malamai, shi ke biyansu, Gwamnatin Jihar Arewa kuwa ta kan taimaka da kuɗi in sufeto ya duba ya ga makaranta ta cika sharaɗi. Cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi da yawa suka karɓe makarantun Mishan. Cikin 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a shekaran nan kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. Makarantun da ikilisiya ta buɗe bayan wannan masu zaman kansu ne, da kuɗin iyaye da na masu bi su ke tafiya.

Cikin 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, aka ware ƙasar Kano daga hannun Babban Bishop na Kaduna. Ta zama cikakkiyar ƙasar bishop cikin 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ailan, sa'an nan Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi cikin 2008.

DAGA SAFE ZUWA TASHI

A irin wannan makaranta yara ne ke soma aiki tun malamai ba su shiga aji ba. Waɗansu su share fili, waɗansu su ɗebo ruwa su cika randa, manyan 'yan aji shida suna lura da ƙanana. In an kaɗa ƙararrawa sai a yi layi aji aji, a duba farce da haƙora da tsabtar riga. A yi addu'a, a rera taken ƙasa, hedimasta ya faɗi abin da ke akwai, kowa ya nufi ajinsa.

Darussan dai su ne na kowace firamare, gama manhajar Gwamnati a ke bi: karatu da rubutu, lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya da sanin zaman jama'a. Abin da ya bambanta ta shi ne darasin addini, inda 'ya'yan Katolika su ke koyon tambaya da amsa na bangaskiyarsu a wurin katikis, watau mataimakin Fada. Al'adar Katolika ce kuma a tsaya a yi gajeriyar addu'a da ƙarfe 12 na rana. Farkon zango da ƙarshensa a kan yi babbar sujadarsu da su ke kira Mas, wadda a karkara da Hausa a ke yinta.

Bayan yara da malamai akwai waɗanda ba su cikin rajista, amma da su a ke tafiya. Akwai matan Zumuntar Mata Katolika masu girki ran biki, da dattawan da ke fitowa aikin gayya in iska ta yaye jinka ko kwano, da mai ƙosai da mai gyaɗa a bakin ƙofa lokacin tara, wadda sau da yawa Musulma ce maƙwabciya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ZANGO UKU, KOWANE DA WUYARSA

Zangon farko daga Satumba ya ke zuwa Disamba, watau tsakiyar kaka. Nan ne wuyar kuɗin makaranta. Manomi ba shi da albashin wata. A Satumba gero ya ke girbi, gyaɗa ba ta kai kasuwa ba, dawa kuwa sai Nuwamba. Hedimastan da ya kori yaro a makon farko saboda kuɗi, ya kore shi ne zuwa gona, mai yiwuwa kuma ba zai komo ba. Mai hankali shi ne wanda ya kira uban, suka yanka rana bayan an sayar da amfani, aka rubuta, kowa ya cika alkawari. A wannan zango ne masu bi su kan yi bikin godiya ta kaka, su kawo dami da kaji da awaki a yi gwanjo don hidimar ikilisiya. A rufe shi da wasan kwaikwayo na Kirsimeti.

Zango na biyu, daga Janairu zuwa wajen Afrilu, da sanyin hunturu ya ke farawa, da zafin bazara ya ke ƙarewa. Yaron da ya taso daga ƙauye da ƙafa cikin hazo ba rigar sanyi, in ya makara, tambaya ta kamace shi kafin tsawa. In zafi ya shigo kuwa, lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan, sai a buɗe tagogi, a rage cunkoso, a aika da duk mai zazzaɓi da ciwon wuya asibiti nan da nan. Cikin wannan zango ne azumin Kirista na kwana 40 ya ke faɗowa, daga Larabar Toka zuwa Ista.

Zango na uku shi ne mai gwada kowa. A kan koma wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin a tashi a Yuli ruwa ya sauka, an yi shuka, an shiga noma. Uba yana bukatar hannun ɗansa, ga jarrabawar ƙarin aji ta matso, ga rafi ya kan cika ya tare hanya, ga zazzaɓin sauro. Malamin da ya zauna cikin gari, ya san gonar kowa, shi ke iya zuwa gida da yamma ya roƙi a bar masa yaro da safe a ɗauke shi bayan azahar. Da ɗan gari a kan ci gari.

ƊAN MUSULMI A AJIN FADA

To, ga tambayar da ta fi damun jama'a. In Musulmi ya sa ɗansa a irin wannan makaranta, me zai sami addininsa? Dokar ƙasa ta yi magana a fili. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon wani addini ko shiga ibadarsa in ba nasa ba ne, ko in iyayensa ba su yarda ba. Sashen nan kuma ya ba kowace jama'ar addini ikon koya wa 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Kowa da haƙƙinsa ke nan.

Su ma shugabannin Katolika sun faɗi nasu. Ran 28 ga Oktoba, 1965, babban taron bishop-bishop na duniya a Rum, zamanin Paparoma Paul na Shida, ya fitar da takardu biyu da suka shafi zancen nan. Ɗaya a kan ilmi ce, ta kuma ambaci makarantunsu da ke karɓar yaran da ba Katolika ba. Ɗayar ta ce ikilisiya tana ganin girman Musulmi, ta nemi a manta da gabar da ta wuce, a nemi fahimtar juna.

Amma takarda ba ta shiga aji, malami ke shiga. Shi zai ware ɗan Musulmi lokacin darasin addini ba tare da ya kunyata shi ba, ya sallame shi da wuri ran Juma'a, ya sauƙaƙa masa aikin fili cikin watan Ramalana. Haka nan kuma malamin makarantar hukuma a Gwaram ko Birnin Kudu, in akwai ɗan Kirista guda a ajinsa, bashin nan yana kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Dokar ilmi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, kyauta a makarantun hukuma. Ƙasar Birnin Kudu kuwa ta san amfanin makaranta, gama a kwalejin gwamnati ta garin Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu. Duk da haka doka ba ta iya kamo yaro daga gona ta zaunar da shi a benci. Iyaye ke yin wannan, in sun yarda da wanda za su danƙa wa.

Saboda haka muna roƙon malamai, na Mishan da na hukuma, su san iyayen kowane yaro da ke cikin rajistarsu, su kira suna kowace safiya, wanda ya yi kwana 3 bai zo ba a bi sawunsa har gida. Muna roƙon akawuna da masu duba makarantu, in sun fita rangadi, kada su tsaya kan ƙidayar kujeru kaɗai, su gwada yawan yaran da suka zo a Oktoba da na Yuni. Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da limamai da Fada su riƙa zama tare tun kafin a buɗe zango, a daidaita zancen kuɗi da na noma da na ibada. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.