TAKARDA KO WAYA: INA MATAFIYI ZAI AJIYE LABARIN HANYA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Babu ranar Allah da za ta fito ta faɗi ba a ɗora shanu daga Potiskum ko Maigatari, ko albasa daga Aliero, ko tumatir daga Kadawa, an nufi Kurmi da su ba. A saman kowace tirela akwai mutane, kowannensu kuwa da labarin da zai bayar in ya sauka a Bodija ta Badun ko Mile 12 ta Ikko. Abin takaici shi ne labaran nan duka a bakin mai shayi suke ƙarewa. Mutum ya shekara 30 yana bin hanyar Jebba, ranar da ya kwanta dama 'ya'yansa da aka haifa a Agege ba su san sunan mai masaukinsa na farko ba, balle nawa ya sayi buhun wake shekarar da ya fara fatauci.

Yanzu dai samari sun fara sha'awar rubuta abin da suka gani a hanya, sai dai gardama ta tashi: a littafi za a rubuta, ko kuwa a waya?

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata masu karatu su tuna abin da rubutun matafiya ya tsirar mana. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta kayan da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, da irin tufafin da ake rinawa, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000. Da 'yan littattafan aljihu ya yi wannan aiki, daga baya aka buga shi cikin manyan littattafai 5, har gobe kuwa masu binciken tarihin Kano sai sun leƙa su. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano shi ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama.

Amma wanda labarinsa ya fi dacewa da zancenmu shi ne Dorugu, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Dorugu bai ɗauki alƙalami ba, da baki ya ba da labarin yadda aka kama shi bawa da yadda ya ga London, wani Bature mai suna Schön yana rubutawa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Watau abin da samarinmu ke yi yau in sun danna waya sun aika da saƙon murya, shi Dorugu ya yi. Bambancin kawai, shi ya sami wanda ya zauna ya mayar da maganar kan takarda. Fatake dubu nawa suka bi hanyar Gwanja neman goro, da madugu da jagaba da uban dawaki, suka ga abin da ya fi na Dorugu, amma ba mu da ko shafi ɗaya daga bakinsu?

To, masu goyon bayan waya suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta kai yau yaron mota ma yana da ita. Tana ɗaukar hoton gadar da ta karye, tana sa kwanan wata da lokaci da kanta, wanda bai yi boko ba yana iya magana ta naɗa. A cikin motar da ke tsalle tsakanin Mokwa da Jebba ba mai iya riƙe biro ya yi rubutun da zai karantu, amma yana iya yin magana. Ko haruffanmu masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, yanzu akwai su a allon rubutun waya in mutum ya zaɓi Hausa.

Sai dai waya tana da sharuɗɗan da yawancin masu riƙe da ita ba su sani ba. Abin da aka rubuta a cikinta, in ba a tura kwafinsa zuwa ma'ajiyar intanet ba, ranar da ɓarawo ya zare ta a tashar mota, ko ta faɗa kwata, shi ke nan. Turawar kuwa sai da sabis. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnati ta rufe layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Ita ma ma'ajiyar ba ta har abada ba ce. Kamfanin Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba. WhatsApp kuwa, inda mutanenmu suka fi tara komai, yakan share asusun da ya yi kamar kwana 120 bai hau intanet ba. Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani.

Babbar matsalar ita ce lambar sirri. Falke ya rubuta a wayarsa cewa yana bin wane kuɗin buhu 40, wane kuma yana binsa na shanu 3, ya kulle da lambar da ko uwargida ba ta sani ba. In ta Allah ta kasance a hanya, abin da kowa ya san yana faruwa, sai magada su zauna rabon gado da waya a gabansu kamar dutse. Masu bin mamacin bashi za su zo da kansu. Waɗanda yake bi kuwa, sai mai tsoron Allah.

Littafi ba ya neman caji, ba ya neman lamba. Wanda duk ya iya karatu ya buɗe ya gani, ko bayan shekara 50. Wanda ya yi makarantar allo yana iya yin abinsa da ajami, wanda a kasuwannin Kudu ba kowa zai leƙa ya gane ba. Akwai kuma wani abu da na lura da shi: mai rubutu da hannu yakan tsaya ya zaɓi abin da ya cancanci rubutawa, mai waya kuwa sai ya tara hotuna 2,000 waɗanda shi kansa ba zai sake dubawa ba.

Kada dai a ɗauka takarda ba ta da abokan gaba. Damshin Ikko da na Fatakwal yana sa ta funfuna, gara da ɓera suna jiranta a ƙarƙashin gado. Wuta ta fi su duka. Rikicin kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ya ƙone rumfuna da gidaje, wanda kuwa ya ajiye littafinsa a rumfa, tare da kayansa ya tafi. Kwafi ɗaya tak gare shi.

A ganina, in dole sai an zaɓi ɗaya, littafi ya fi wa falke da direba da ɗan ci-rani. Amma ba wanda ya ce dole ne. A sayi ɗan littafi mai bango mai tauri wanda zai shiga aljihun gaba, a sa shi cikin leda. A yi rubutu da biro ko fensir, ban da alƙalamin ruwa, don ɗigon ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke shafi. A hanya a yi magana cikin waya in an ga abin mamaki, in an sauka an yi wanka an ci abinci a zauna a kwafe shi cikin littafi tun bai huce ba. Kowace Jumma'a a ɗauki hoton shafukan da aka cika, a aika wa ɗan'uwa amintacce a gida.

Abin da za a rubuta ba sai ya yi tsawo ba: ranar tashi da ranar sauka, garuruwan da aka yada zango, kuɗin mota da na lodi, shingaye nawa aka wuce da abin da aka bayar, farashin kaya can da nan, sunan mai masauki da unguwarsa. Bashi kuwa a ware masa shafukan baya, da sunan shaida. Abu ɗaya ne ban ba da shawarar a sa ba, a littafi ko a waya, shi ne yawan kuɗin da ke jikin mutum da inda ya ɓoye su, sai bayan ya isa lafiya.