Kunun Kanwa da Karatun Unguwarzoma

Ga wata magana da ta shafi gidan kowane malami da kowane falke, watau sha'anin mai jego.

Yarinyar da ta shiga makarantar unguwarzoma ko ta aikin jiyya takan koyi awon ciki da karɓar haihuwa da sarrafa allura. Amma matar da za ta duba gida za ta koma, hannun tsofaffi, ta yi kwana 40 tana wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, tana shan kunun kanwa. In ba a karantar da ɗaliba wannan a aji ba, ba za ta san ta tambaya ba, mai jego kuwa ba ta faɗi, don tsoron faɗa.

A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura a Zariya cewa masu jego da yawa suna zuwa asibiti da haki da kumburin ƙafafu, zuciyarsu ta gaza. Suka ɗora zato a kan wankan zafi da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kuma kanwa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kanwa, ko ungurnu ce ko ja, dangin gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki, nauyin ya komo kan zuciya. Aka daɗe ana karantar da haka.

Sai a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a asibitocin Nijeriya. Ba su sami laifin a wanka ko kunu ba. Abin da suka samu tare da ciwon shi ne rama, da rashin karatun makaranta da na aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Ashe talauci ya fi al'ada hannu a ciki.

Wannan bai wanke kanwa sarai ba. Mai hawan jini ko kumburi lalle a hana ta. Haka zuma, da darajarta duka, ba a ba jariri sai ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Yankan gishiri kuwa ba shi da mazauni ko kaɗan, yana cikin abin da ke jawo yoyon fitsari.

Mai jegon da numfashi ya gagare ta in ta kwanta, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira arba'in.