655,957: Lambar Da Ta Ɗaure Sefa Da Yuro

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa canjin Yuro a Cinkassé, Dapaong ko Sokodé ya yi karo da wannan lamba, ko da bai lura ba. A farashin hukuma, Yuro 1,000 daidai yake da Sefa 655,957.

Asalinta daga Faransa ne. A watan Janairun 1994 aka karya darajar Sefa a Dakar, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 zuwa 100. Da Yuro ya shigo ranar 1 ga Janairun 1999, sai aka tsayar da shi a kan faran 6.55957. Ninka wannan sau 100 shi ya ba da Sefa 655.957 a kan kowane Yuro, a Togo da sauran ƙasashe bakwai masu amfani da kuɗin bankin BCEAO.

Masana lissafi sukan tambayi kowace lamba: wa ke raba ki ba saura? Wannan dai ta ƙi rabuwa biyu, domin mara ce. Ta ƙi uku, tunda jimillar alƙalumanta 37 ne. Idan aka ƙirga ta da dala, za a sami dala 131,191, tamma biyu ta yi saura. Haka za a yi ta gwadawa har a kai 769, sannan ta rabu: 769 sau 853 shi ne 655,957 cif. Su kuma waɗannan biyun ba abin da ke raba su sai 1 da kansu. A kan irin wannan lamba, amma mai alƙaluma ɗaruruwa, aka gina tsarin sirri na RSA a 1977, wanda ake kare hada-hadar kuɗi da shi a intanet.

Ke nan abokan ciniki biyu, ko goma, ko ɗari, ba za su raba kuɗin daidai ba. Amma a cire tamma ɗaya kacal, 655,956 za ta rabu tsakanin mutum 2, 3, 4, 6, 7, 9 ko 12. Mutum uku, alal misali, kowa zai tashi da 218,652.

Inda aljihu ke jin jiki shi ne wajen yanke wutsiyar lambar don sauƙin lissafi. Wanda ya sayar da Yuro 1,000 a kan 655 ya bar Sefa 957. Wanda ya sallama a kan 650 ya bar 5,957, in kuwa Yuro 10,000 ne, 59,570 sun tafi. Ɗan canji yana da haƙƙin cin ribarsa, banki ma yana cire ladansa. Sai dai ya kamata mai kaya daga Naki-Est ya fara lissafi daga 655,957, ya debe abin da aka miƙo masa, domin ya san nawa ya biya kafin ya ce ya sallama.