Ciwon Hankali Ciwo Ne, a Kwance Mari a Nemi Magani

 Muna so mu yi magana a kan wani al'amari wanda kusan babu unguwar da ba ta san shi ba, amma kowa yana rufe bakinsa a kansa, watau taɓin hankali, da irin yadda muka saba yi wa waɗanda Allah ya jarraba da shi.

Ku duba abin da muka gada. Idan mutum ya zautu, sai yara su bi shi da jifa da waƙa, manya suna zaune a inuwa suna dariya. In ya yi ƙarfi, a sa masa mari ko a jefa ƙafarsa a turu, a kulle ɗaki. In ya warke, sunan nan na mahaukaci ba ya barinsa har kabari: ba a ba shi aure, ba a ba shi bashin kaya, har 'yan'uwansa mata sai a riƙa gudunsu. A shekarar 2019 'yan sanda sun shiga wasu gidaje a Kaduna da Katsina da Kano, suka fito da mutane ɗaruruwa, manya da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu kuwa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don neman gyara. Niyyar kirki ce, amma hanyar ta ɓaci.

To, malamai sun fi kowa sanin cewa shari'a ba ta ɗauki wanda hankalinsa ya gushe a matsayin mai laifi ba. Ta sauke masa taklifi, ta kuma sa waliyyi ya tsare masa dukiyarsa har ya samu lafiya. Magabata ma ba su tsaya nan ba. Wajen shekarar 872 Ahmadu ɗan Ɗulun ya gina asibiti a Misira inda ake jinyar masu taɓin hankali tare da sauran majinyata, da kuɗin wakafi. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, ya raba baƙin ciki gida biyu: akwai wanda sababinsa sananne ne, kamar rasuwa ko hasarar dukiya, akwai kuma wanda yake faɗa wa mutum ba gaira ba dalili, ya hana shi ci da barci da walwala. Na biyun nan ya jingina shi ga jiki, ya ce yana bukatar magani. Ashe ke nan mai cewa zancen likitan hankali baƙon abu ne na Turawa bai binciki taskar kakanninsa ba.

Likitocin yau sun ƙara bayani. Ciwon yana iya zuwa ta gado, ko ta zazzaɓi mai hawa kai, ko bayan haihuwa, ko ta firgitar yaƙi da harin 'yan bindiga, ko karayar arziki, ko shan ƙwayoyi masu bugarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i nasa. Mafi yawansu ba sa tsiraici a kasuwa. Suna cikin sahu, suna cikin rumfa, suna murmushi, zuciyarsu tana ƙuna. Tun 1952 aka samu a Faransa maganin farko mai kwantar da ruɗewar hankali, bayansa kuma waɗansu suka biyo, har mutane masu yawa suka koma sana'arsu.

A nan ƙasarmu ma an yi abin koyi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon kulle majinyaci, sai a saukar da shi a ƙauyukan da ke kewaye, tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana yana komawa cikin mutane da dare. Bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su suka yi aiki tare. Wannan ya nuna cewa addu'ar malami da ƙwayar likita ba kishiyoyi ba ne. Malami ya yi addu'a ya kwantar da hankalin dangi, sa'an nan ya ce musu, "Ku tashi ku kai shi asibiti." Akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, mu kuwa ita ta shafa. Idan ɗan mai hali ya kamu, a ɓoye ake sa shi a mota a kai shi wurin babban likita, a ce wa maƙwabta ya tafi hutu, ya dawo ya yi aurensa ba wanda ya sani. Idan ɗan talaka ne, ba kuɗin mota, ba kuɗin magani, sai turu. Ciwo ɗaya, amma sutura ta bambanta. Wanda ya samu wannan sutura kada ya zaci wayonsa ne ko tsarkin gidansa. Ni'ima ce, ni'ima kuwa amana ce, za a tambaye shi a kanta. Bai kamata mai rufin asiri ya zauna a majalisa yana dariyar wanda nasa asirin ya tonu don rashin abin hannu ba.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. A watan Janairu na shekarar 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci da magani. Amma doka ba ta shiga zaure, sai in masu zauren sun shigar da ita.

Saboda haka muna roƙon malamai su hana almajirai jifa da tsokana, su faɗi hukuncin nan a wurin karatu da wa'azi. Muna roƙon attajirai su tuna da wakafin mutanen da, su ɗauki nauyin maganin maƙwabci ko da na wata ɗaya ne, su mayar da yaron shagonsu bakin aiki idan ya warke. Barin abin da aka saba yana da wuya, amma icen da ya karkace ana tokare shi tun bai faɗi ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya bar mu da hankulanmu. Wassalam.